Ba a mugun sarki sai mugun bafade? Batun Song Jiang da Yue Fei

Abban Sadiq
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya daɗe yana damuna a labaran jaruman ƙasar Sin na zamanin sarakuna, waɗanda su can suke kira wuxia. Mu nan galibi faɗan muke zuwa kallo, tsalle kan rufin ɗaki da wasa da takobi. Amma in ka bi su a tsanake za ka ga zarensu ɗaya ne: mutum zai yi wa sarki bauta iya ƙarfinsa, fada ta saka masa da zalunci, sannan mai labari ya nemo wani waziri ya jibga masa laifin, sarki ya fita fes. Wato dai karin maganarmu, ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni kuwa ban yarda ba.

Ku ɗauki Shuihu, tsohon littafin nan da ake jingina wa Shi Nai'an tun ƙarni na 14. Jarumai 108 ne suka taru a fadamar Dutsen Liang, cikin lardin Shandong na yau, a zamanin daular Song. Da yawansu ba 'yan fashi ba ne tun asali. Akwai hafsoshin soja, akwai malaman ofishin hakimi, akwai masunta, rashin adalci ne ya koro su daji. Sun yi ƙarfin da duk rundunar da sarki ya turo sai ta koma a guje. Ana cikin haka shugabansu Song Jiang ya kafe sai an nemi afuwar sarki. Aka samu afuwar. Fada ta ce to ku nuna mana biyayyar, ta tura su yaƙi da daular Liao a arewa, daga baya ta tura su kudu su murƙushe Fang La, wanda shi ma ɗan tawaye ne irinsu. A wannan yaƙi na ƙarshe mutum 59 suka faɗi a fagen fama, wasu ciwo ya kashe su a hanya, wasu suka kama gabansu, 27 kacal suka koma babban birni.

Ladan da aka ba Song Jiang giya ce daga fada, wadda Gao Qiu, shugaban dogaran sarki, da abokan makircinsa suka sa aka zuba wa guba. Da ya gane abin da ya sha, ko kalma ɗaya bai faɗa a kan sarki ba. Sai ya aika aka kira masa Li Kui, ɗaya daga cikin jaruman, wanda ya fi kowa son sa a duniya, ya ba shi irin giyar, sai da ta shiga ciki sannan ya gaya masa. Dalilinsa kuwa, yana tsoron bayan ransa Li Kui ya sake ɗaga tutar tawaye ya ɓata musu sunan masu biyayya.

A wurina wannan mutum maci amana ne. Ina son jin ta bakinku.

Baba Garba
Wa alaikumus salam. Abban Sadiq ɗana, ka yanke hukunci da zafi. Ni tun ana nuna finafinan Chanis a sinima nake kallonsu, kuma na yi aikin ɗamara, na san abin da oda take nufi. Ka tambayi kanka, in ba su karɓi afuwar ba ina za su dosa? Su tsufa a kan dutse ana kiransu 'yan fashi, 'ya'yansu su gaji sunan? Daga wannan ƙangin Song Jiang ya so ya fitar da su.

Sannan kada a mai da mutanen nan waliyyai. Ka manta yadda aka jawo hafsan soja Qin Ming cikinsu? Kayan yaƙinsa aka sa wa wani, ya je ya ƙone gidajen talakawa a bakin gari da sunansa, hukuma ta kashe iyalinsa, ya rasa wurin komawa sai wurinsu. Zhu Tong fa? Yaron gwamna ɗan shekara huɗu da aka ba shi reno, Li Kui ɗin nan naka ya kashe shi don kawai a toshe wa Zhu Tong hanyar komawa. Ranar da suka je ceton Song Jiang a filin kisa na Jiangzhou, Li Kui bai ware soja da ɗan kallo ba, duk wanda ya tarar sara yake. Irin wannan mutum kake so a bari da gatari biyu da fushi a zuciya? Wa zai fara sara? Ba Gao Qiu ba ne, don ba zai kai gare shi ba. Talakan bakin hanya ne zai sha. Bin na gaba bin Allah ne, iyayenmu ba a banza suka faɗa ba.

Abban Sadiq
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma wa ya kitsa makircin Qin Ming? Song Jiang ɗin ne da kansa, kuma da bakinsa ya amsa. Mutumin da ya ƙone gidajen talakawa don ya samu mayaƙi ɗaya, ba tausayin talakan bakin hanya ne ya sa shi ba Li Kui guba ba.

Maman Ilham
Ni ba zan iya maganar nan ba tare da Lin Chong, ɗaya daga cikin 108 ɗin, ba, domin shi ne wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai. Shi ne mai horar da dogaran sarki su dubu 800 a babban birni, mutum mai aikinsa da gidansa da matarsa. Wata rana wani ya tare matar a wurin ibada yana yi mata maganar banza. Lin Chong ya iso, ya cafki kafaɗar mutumin ya juyo da shi, ya ɗaga hannu zai kai naushi, sai ya ga ɗan riƙon maigidansa Gao Qiu ne. Nan take hannun ya yi sanyi. Daga wannan wurin na san an gama da shi.

Ku dubi abin da haƙuri ya jawo masa. Aka sayar masa da takobi mai kyau da gangan, aka aiko wai maigida yana son ganin takobin, aka ja shi har cikin zauren sirrin soja inda ba a shiga da makami, aka ce ya zo kisan kai. Aka yi masa jarfar fursuna a fuska aka kora shi Cangzhou. A hanya 'yan rakiyar da aka saya suka tsoma ƙafafunsa a tafasasshen ruwa, da safe suka ba shi sabon takalmin ciyawa ya taka a kan ƙunar. Suka ɗaure shi a bishiya cikin daji za su fasa masa kai, abokinsa Lu Zhishen ya faɗo ya cece shi, kuma Lin Chong ne ya roƙa a bar su da rai. Har lokacin yana sa ran zai gama wa'adinsa ya koma aiki.

Sai da aka ba shi gadin rumbun harawar dawakin soja. Dusar ƙanƙara ta danne bukkarsa, ya tafi wani tsohon ɗakin bauta ya kwana, ya tokare ƙofa da dutse. Cikin dare rumbun ya kama da wuta, ya ji mutum uku a bakin ƙofa suna ta murna, ɗayansu amininsa ne tun ƙuruciya, suna cewa a tsinto ƙashinsa a kai wa Gao Qiu shaida. A nan ne ya ture dutsen ya fito da mashi.

Matar fa? Kafin ya tafi ya rubuta mata takardar saki, wai don kada ya ɓata mata ƙuruciya. Ya bar ta a gari ɗaya da wanda ke farautarta. Aka matsa mata, ta rataye kanta. To bayan duk wannan, mutanen Dutsen Liang suka kama Gao Qiu a yaƙi aka kawo shi har gida, Song Jiang ya sa aka kwance shi, aka yi masa liyafa, aka sallame shi don ya je ya sa baki a ba su afuwa. Lin Chong yana wurin yana kallo. Baba, don Allah wannan wace irin biyayya ce?

Ɗan Damagaram
Anti, wannan wurin ni ma ya ƙona mini rai. Da aka saki Gao Qiu ai Lin Chong aman jini ya yi don baƙin ciki, daga nan bai ƙara tashi ba.

Abban Sadiq
Ɗan Damagaram, wannan a fim mai dogon zango na 1998 ne. A littafi bai mutu a nan ba, kuma abin ya fi ciwo. Ya haɗiye, ya bi Song Jiang duk yaƙe-yaƙen, ya yi wa fadar da ta kashe masa gida aiki har ƙarshe. Bayan yaƙin Fang La ɓarin jiki ya kama shi, aka bar shi a wani gidan ibada a Hangzhou, abokin yaƙinsa Wu Song da ya rasa hannu ɗaya yana jinyarsa, bayan wata shida ya cika.

Nura
Tun da an ambaci Hangzhou bari in sa baki, a nan nake karatu. Duk waɗannan ƙagaggu ne, amma akwai na gaskiya wanda duk ɗan Sin ya sani tun yana yaro, Yue Fei. An haife shi a 1103. A 1127 mutanen Jurchen masu daular Jin suka ci Kaifeng, babban birnin Song, suka tafi da sarki Qinzong da mahaifinsa Huizong a matsayin fursunoni. Ƙanen sarkin, Gaozong, ya tsere kudu ya kafa fada a nan Hangzhou. Yue Fei shi ne sarkin yaƙin da ya fi kowa tura Jin baya. A 1140 ya ci su a Yancheng da Yingchang, ya kusa Kaifeng, sai saƙon sarki ya zo cewa ya dawo. Tarihin daular ya ce alluna 12 masu rubutun zinariya aka aiko masa a yini ɗaya. Ya dawo. Aka karɓe rundunarsa, aka ɗaure shi, a farkon 1142 aka kashe shi a kurkuku, aka kashe ɗansa Yue Yun da hafsansa Zhang Xian. Da wani sarkin yaƙi, Han Shizhong, ya je ya tambayi waziri Qin Hui ina shaidar cin amanar, amsar da ya samu ita ce wataƙila akwai.

Sulhun da aka yi da Jin a kan jinin Yue Fei: kogin Huai ya zama iyaka, sarkin Song ya amsa sunan talakan sarkin Jin, kuma duk shekara zai kai gandun azurfa ma'auni 250,000 da alharini bandir 250,000.

Kabarinsa yana bakin Tafkin Yamma, na ɗansa a gefe. Abin da ya fi jan mutane shi ne gumaka huɗu na ƙarfe da ke fuskantar kabarin, a durƙushe, hannuwa ɗaure a baya, cikin shinge: Qin Hui, matarsa Wang, Moqi Xie da ya yi shari'ar, da Zhang Jun, wani sarkin yaƙi da ya haɗa baki da su. Shekaru ɗaruruwa mutane na tofa musu yawu suna marinsu, an sha sake ƙera su saboda lalacewa. Yanzu akwai sanarwa ana roƙon baƙi su daina tofi. Na ga wata tsohuwa ta kawo jikanta, ta nuna masa su ɗaya bayan ɗaya tana faɗa masa sunayensu, yaron yana maimaitawa. Amma ku lura, huɗu ne. Wanda ya sa hannu a takardar kisan ba ya cikinsu.

Baba Garba
Madalla Nura, ka kawo mini shaida. Yue Fei yana da runduna a hannu, sojojin sun fi son sa a kan sarki, da ya so da ya ƙi dawowa. Me zai biyo baya? Sauran rundunonin an riga an janye su, abinci daga fada yake zuwa. Ko dai Jin su kewaye shi su cinye, ko ya juyo da mashi gida a yi yaƙin basasa, Jin su zo su kwashe duka. Ya zaɓi ya mutu shi kaɗai ƙasar ta tsaya, kuma ta tsaya har 1279. Yau shekara wajen 900 ana zuwa kabarinsa. Soja da yake zaɓar odar da zai bi ba soja ba ne, ɗan daba ne mai kaki.

Malam Tukur
Baba, Allah ya ja kwana. Maganar Yue Fei zan bar maka ita rabi, amma bin na gaba yana da iyaka, mun sani ba a yi wa abin halitta biyayya cikin saɓon Mahalicci. Ba mutum guba yana amince da kai ba oda ba ce, don ba wanda ya ba Song Jiang wannan odar.

Abin da nake so in ƙara shi ne, Abban Sadiq bai yi wa marubutan adalci ba. Su ma sun san sarki ne. Ku duba inda labarin Shuihu ya soma tafiya, da Gao Qiu ya soma. Ɗan zaman banza ne da bai iya komai ba sai buga ƙwallo. Wata rana aka aike shi gidan wani yarima, ƙwallo ta faɗo wajensa, ya mayar da ita da gwaninta, yariman ya riƙe shi. Yariman ya hau gado ya zama sarki Huizong, cikin ɗan lokaci Gao Qiu ya zama shugaban dogarai. To mugun bafaden nan wa ya ɗauko shi? Marubucin ya ajiye maka amsar a farko, bai dai furta ba.

Kuma furtawar ba wasa ba ce. A 1642 sarkin Ming ya haramta littafin baki ɗaya. A 1663, a Hangzhou ɗin nan ta Nura, an kashe fiye da mutum 70 a kan wani littafin tarihin Ming da fadar Qing ta ga ya taɓa ta, har da masu bugawa da masu sayarwa. A irin wannan ƙasa in kana son kanka ya kwana a wuyanka, waziri za ka zaga.

Game da Gaozong kuwa dalilansa a fili suke. Wanda ya kafa daular a 960 sarkin yaƙi ne da sojojinsa suka ɗora a gado, don haka gidan ba ya barci da idanu biyu a kan masu runduna. Shi kansa a 1129 dogaransa sun taɓa tilasta masa sauka na ɗan lokaci. Ga yayansa Qinzong yana raye a hannun Jin, in aka ci yaƙi aka dawo da shi, gadon na wa? Ga mahaifiyarsa tana can, kuma bayan sulhun aka dawo masa da ita a 1142. Ga shi Yue Fei ya taɓa yi masa maganar naɗa magaji, abin da sarki ba ya so ya ji daga bakin mai takobi. Qin Hui hannu ne kawai.

Af, ba yau aka fara zargin Song Jiang ba. Wani mai sharhi, Jin Shengtan, a 1641 ya datse littafin ya bar babi 70, ya cire batun afuwar duka, kuma a sharhinsa munafuki yake ɗaukar mutumin. A 1975 Mao, shugaban Sin na lokacin, shi ma ya soki littafin da cewa jami'ai kawai yake yaƙa, ya ƙyale sarki.

Abban Sadiq
Malam, na ji batun tsoro. Amma sakamakon ɗaya ne, jikan tsohuwar nan sunaye huɗu ya haddace, na biyar bai ji shi ba.

Hafsat
Yaya Abban Sadiq, shi ya sa ni marubuci Jin Yong na fi so. Shi a Hong Kong ya yi rubutunsa, a jaridu, daga 1955 zuwa 1972, ba sarkin da zai sare masa kai, kuma ya ɗauko wannan tsohon ciwon ya juya shi. Guo Jing ma, jarumin wani littafinsa, jikan ɗaya daga cikin 108 ɗin nan ne a labarin, sunansa da na ɗan'uwansa na rantsuwa Yang Kang daga sunan shekarun da aka ci Kaifeng aka ciro su, don kada su manta. A Mongoliya ya tashi, Genghis Khan ya so shi, ya ba shi runduna, ya yi masa alkawarin 'yarsa. Ranar da ta bayyana cewa bayan Jin ƙasar Song za a sa shi ya ci, ya ƙi. Aka kama mahaifiyarsa don a tanƙwara shi, ta kashe kanta don kada a riƙe shi da ita. Ya bar duk daular ya tafi.

To ina ya tafi? Bai je fadar Song neman muƙami ba, ya san ruɓaɓɓiya ce. Xiangyang ya tafi, garin da ke bakin hanyar Mongol, ya zauna yana tsaronsa shi da matarsa Huang Rong, ba albashi, ba sarauta, har suka mutu a can. Garin na gaske ne, ya faɗi a 1273 bayan an kewaye shi shekaru. Biyayyarsa ga mutanen da ke cikin ganuwa take, ba ga mai rawani ba. Baba, wannan shi ma bai zaɓi oda ba? Ai ya zaɓa, kuma ba za ka kira shi ɗan daba ba.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne Xiao Feng, na wani littafin Jin Yong ɗin. Shugaban ƙungiyar mabarata ne, mafi girma a duniyar mayaƙa, ya yi wa Song yaƙi da Khitan, mutanen daular Liao, shekaru. Rana ɗaya aka fito da wasiƙa aka ce ai shi ɗin ɗan Khitan ne, tun yana jariri aka yi wa iyayensa kwanton ɓauna a mashigin Yanmen bisa labarin ƙarya. Waɗanda jiya suke kiransa shugaba suka koma farautarsa. Ya koma wurin danginsa, sarkin Liao ya zama ɗan'uwansa na rantsuwa, ya ba shi babban matsayi, sannan ya ce ya jagoranci cin Song. Ya ƙi, aka ɗaure shi. A ƙarshe a Yanmen ɗin aka kama sarkin aka tilasta masa rantsuwa cewa muddin yana raye ba zai ƙetaro ba. Yaƙi ya mutu, dubban mutane sun tsira. Amma Xiao Feng ya ga ya ci mutuncin sarkinsa a gaban runduna, ya ɗauki karyayyar kibiyar da aka yi rantsuwar da ita ya soka a ƙirjinsa. Bambancinsa da Song Jiang, bai ja kowa ba.

Malam Tukur
Hafsat ƙanwata, labarin yana da kyau, amma kashe kai ba jarumta ba ce a wurinmu, kuma ina jin tsoron yadda labaran nan suke ƙawata shi. Mahaifiyar Guo Jing, Xiao Feng, har Wu Yong da Hua Rong, jaruman Dutsen Liang, da suka rataye kansu a kabarin Song Jiang. Yara suna kallo, ya kamata babba ya riƙa yi musu bayani.

Hafsat
Gaskiya ne Malam, ban ce ya yi daidai ba. Abin da nake gani shi ne an ƙuntata masa duniya, nan a ce baƙo, can a ce maci amana. Laifin na waɗanda suka auna shi da jini ne bayan sun ga aikinsa shekara da shekaru.

Ɗan Damagaram
Tun da an zo kan jini, ni a ba ni dama in kare Yang Kang, don kowa tsine masa yake. Yaron nan agola ne. Tun yana ciki yariman Jin, Wanyan Honglie, ya ɗauki uwarsa, ya rene shi shekara 18 a matsayin ɗansa, bai taɓa nuna masa bambanci ba. Rana tsaka wani baƙo ya bayyana a ce shi ne ubanka, ka bar wanda ya goya ka, ka ɗauki takobi ka kashe shi. Wa zai iya? In Xiao Feng ya cancanci tausayi don an auna shi da jini, shi ma da jinin ake auna shi. Ni ina ganin riƙon da aka yi maka shi ma amana ne.

Maman Ilham
Ƙanena, da a nan ya tsaya da na bi bayanka. Amma yariman nan shi ya turo sojojin da suka kashe uban Guo Jing suka tarwatsa gidajen biyu, don kawai ya samu matar. Yang Kang ya san haka daga baya, ya zauna, domin ba zai iya rabuwa da gidan sarauta ba. Kuma bai tsaya a zama ba, ya yi ta kashe waɗanda suka yarda da shi, har Guo Jing da suka yi rantsuwar 'yan'uwantaka ya daɓa wa wuƙa. Ba riƙo ya bi ba, daɗi ya bi.

Abban Sadiq
Mu dawo kan batunmu. Baba ya haɗa Yue Fei da Song Jiang a igiya ɗaya, ni kuwa ina raba su. Yue Fei ma'aikacin sarki ne tun farko, rundunar ta ƙasa ce, an kira shi ya amsa. Song Jiang kuwa mutanensa ba sarki ne ya ba shi su ba, su suka ɗora shi, da yawansu sun fito fili sun ce ba sa son afuwar. Wu Song ya faɗa, Lu Zhishen ya faɗa, Li Kui har tebur ya harba. Ya danne su. Zauren taronsu ma da ya gaji shugabanci sai da ya canza masa suna ya sa biyayya a gaba. Tun asali malamin ofis ne mai burin ya ga sunansa a littafin fada, kuma da rayukansu ya biya. Abin da ya rage masa a ƙarshe mutum ɗaya ne mai son sa tsakani da Allah, shi ma bai bar shi ba.

Baba Garba
Ɗana, ka ce su suka ɗora shi. To in ka ɗora mutum ka ba shi wuƙa da nama, sai ya yanka inda ya ga dama. Waɗanda ba su yarda ba ai ƙofa a buɗe take. Yan Qing ya yi wa maigidansa Lu Junyi, mataimakin Song Jiang, nasiha bayan yaƙi cewa su bar fada tun da girma, bai ji ba, Yan Qing ya ɗauki kayansa cikin dare ya ɓace, Lu Junyi kuwa aka sa masa guba a abinci ya faɗa kogi. Li Jun ya yi ƙaryar ciwo ya zame, ya ƙetare teku. Sun tsira, ban zarge su ba. Amma in kowa ya zame, wa zai tsaya a iyaka ranar da Jin suka zo? Shekaru kaɗan bayan zamanin labarin nan Kaifeng ta faɗi. Ni har gobe ina nan a kan bakana, ƙasa tana bukatar wanda zai tsaya ko da na sama bai cancanta ba. Abu ɗaya ne ban iya kare Song Jiang a kai ba tun farko, ɓoye wa Li Kui. Da ya gaya masa kafin ya miƙa ƙoƙon, na tabbata da ya karɓa ya sha.

Maman Ilham
Shi ne ma ya fi muni Baba. Ya san zai sha, amma bai ba shi ko damar zaɓa ba.

Nura
Baba, ko Yue Fei ba shi kaɗai ya biya ba. Da zai juyo, mutanen garuruwan da suka tarbi rundunarsa da abinci sun tare gaban dokinsa suna kuka, don sun san abin da Jin za su yi musu. Ya nuna musu takardar sarki, ya ƙara kwana biyar don masu iya tafiya su bi shi kudu. Sauran an bar su. Iyalinsa kuma an kora su can kudu mai nisa shekara 20.

Ga yadda manyan suka ƙare. Qin Hui ya ci gaba da zama a kujerar waziri har ƙarshen rayuwarsa, ya mutu a gadonsa a 1155. A 1162 Gaozong ya sauka don kansa ya ba ɗan riƙonsa Xiaozong, a shekarar aka wanke Yue Fei, aka tono gawarsa daga inda wani mai gadin kurkuku ya ɓoye ta aka binne shi da girma. Gaozong yana raye lokacin, ba wanda ya tambaye shi komai. Ya ƙara shekara 25 yana hutawa, ya mutu a 1187 yana da shekara 80. Fadar da ya yi wannan hutun a cikinta, Deshou, a kan tsohon gidan Qin Hui aka gina masa ita.